Ranar Wasa Ba Gaisuwa

A Gummi yanzu Malam Mahmuda ake ce masa, kuma ana sassauta murya in za a faɗa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya gaji zauren karatun ubansa. Yaran unguwa sun san shi a dattijo mai farin gemu wanda ba ya son hayaniya a ƙofar gida. Ba su san iyayensu sun sha faɗowa daga kan benci saboda shi ba. Shi ne Arzika na wasan Arzika da Makau, wanda gidan talabijin ya riƙa nunawa daga Sakkwato duk ranar Alhamis, tun ana jiha ɗaya, lokacin da masu talabijin a Gummi ba su da yawa, kuma kowannensu ya haƙura da tsakar gidansa ya bar wa maƙwabta.

In da baki za a ba ka labarin wasan, sai ka ce ba komai a cikinsa. Maƙwabta biyu ne suka haɗu suka sayi keke ɗaya. Tayar gaba da kan keken da ƙararrawa na Arzika ne, tayar baya da sirdi da feda na Makau. Arzika ba ya motsawa sai Makau ya yarda a taka, Makau kuma ba ya zuwa inda yake so sai Arzika ya yarda ya juya kai. A kan keken nan aka yi shekaru ana sa-in-sa, ba a taɓa isa kasuwa ba. Har yau in mutum biyu suka yi tarayya a injin ban ruwa a fadama suka fara tsiya, za ka ji wani ya ce ga Arzika da Makau nan, matasa su yi dariya ba tare da sun san ko mutane ne ko sunan ƙauye ba.

Makau shi ne Obadiah. Ubansa malamin asibiti ne da aka turo daga ƙasar Zuru, ya sauka a gidan da ke jikin katangar Malam, mahaifin Mahmuda. Tare yaran suka tashi, tare suka sha bulala a kan zuwa gulbi kamun kifi, kuma Innar Mahmuda ba ta taɓa kwashe tuwo ta manta da malmalar ɗan maƙwabta ba. Obadiah bai taɓa wahalar da harshensa da faɗin Mahmuda ba, Mamuda yake cewa. A makarantar horon malamai suka fara wasan keken don ba ɗalibai dariya, wani ma'aikacin talabijin ya gani, daga nan sai Sakkwato.

Ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, ba sa kuma yin gwaji. Doka ɗaya ce da su, Obadiah ne ya kafa ta: ranar wasa ba gaisuwa. Ya lura in suka yi hira da safe suka sha shayi tare, rigimar da za su yi a gaban kyamara sai ta fito salam kamar kunun jiya. Don haka daga wayewar garin ranar ɗauka ba magana, ba kallo, kowa ya kama hanyarsa daban, in ma suka yi kiciɓis a ƙofa kowa ya kawar da kai. Sabbin ma'aikata sun sha zuwa su yi musu sulhu. Obadiah kuwa, da yake shaƙiyyi ne, yakan laɓe bayan ƙofa ya fito farat ɗaya da hannu a miƙe da fara'a don ya ga ko Mahmuda zai zame, in ya zame tsiren ranar a kansa yake.

A cikin wasan ma haka abin yake tafiya. Arzika zai buga ƙararrawa, Makau ya shigo ya miƙa hannu, Arzika ya dubi hannun sama da ƙasa ya samo dalilin ƙin karɓa. Sai a can ƙarshe, bayan keke ya watsar da su, sannan ya kama hannun. Masu kallo sun ɗauka ƙarshen wasa ne kawai. Su biyun ne suka san ita ce gaisuwarsu ta gaske ta wannan rana, domin a ƙarƙashin ƙarar tafi Obadiah kan matse hannun ya ce a hankali, an kwan lahiya, Mamuda.

Wasan ya mutu kamar yadda abubuwa ke mutuwa a ma'aikatar gwamnati, ba wanda ya kashe shi, ba wanda ya yi masa jana'iza. An ce su dakata sai an neme su, ba a neme su ba. Daga baya Mahmuda ya ji an ɗauki jawaban manya a kan kasetocinsu kaf, saboda sabon kaset tsada yake. Obadiah ya tafi koyarwa Bukkuyum, Mahmuda ya koma Gummi, amma zumunci bai yanke ba, kowace sallah da kowace Kirsimeti akwai kwanon da ke hawa mota.

Abin da ya yanke shi Mahmuda ne da kansa. A shekarun da kowa ya fara auna tsawon wandon maƙwabcinsa, yayansa Sulaiman ya rasu, zauren Malam ya faɗo hannunsa. Wasu suka fara ƙus-ƙus cewa ɗan wasan kwaikwayo bai dace da buzun Malam ba. Ranar walimar saukar farko da aka yi a hannunsa, zaure ya cika da malamai, sai ga Obadiah daga Bukkuyum a kan babur, da zakara ɗaure a baya, ya zo taya murna. Wani ya ce ƙasa-ƙasa, ga Makau ya iso, saura keke. Dariya ta zaga zauren. Obadiah ya ratso mutane ya miƙa hannu. Mahmuda ya mayar da hannayensa cikin riga, ya juya ga na kusa da shi ya ci gaba da wata magana da ba ta da kai. Hannun ya daɗe a miƙe kafin mai shi ya sauke shi, ya bar zakaran a ƙofa ya tayar da babur.

Kada wani ya ɗora wa addini wannan. Malam da kansa ya sha riƙe hannun uban Obadiah a cikin zauren nan har su gama gaisawa. Tsoron dariya ne kawai, a wurin mutumin da ya ci ya sha da dariya. Mahmuda ya san haka, kuma sanin ya ci shi fiye da shekara goma. Ba abin da yake so a duniya kamar ya kama hannun nan ya nemi gafara, amma duk shekarar da ta wuce sai ta ƙara wa tafiyar nauyi. Ya ji labarin Obadiah ya yi ritaya, ya ji matarsa ta rasu, ya yi alwalar fita ta'aziyya ya sa takalmi, sannan ya cire ya zauna.

Ana cikin haka gubar dalma ta faɗa wa ƙasar. A Sunke da Tungar Daji da ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, yara suka riƙa sanƙarewa suna mutuwa a hannun iyayensu. Ƙungiyoyin lafiya suka cika Anka, aka yi ta wa'azin a daina niƙa a gida, a wanke hannu, a canja tufafin aiki kafin a ɗauki yaro, har kunnen mutane ya toshe. A shekarar dubu biyu da goma sha biyu wani saurayi mai suna Lirwanu, ma'aikacin wayar da kai na ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, ya yi sallama a zauren Malam Mahmuda. Bai taɓa ganin wasan ba, a bakin mahaifiyarsa ya ji. Ya ce za su yi babban taro a Anka, suna so Arzika da Makau su dawo na rana ɗaya su faɗa wa jama'a saƙon da dariya. Ya ce Baba Obadiah yana nan Anka wurin 'yarsa Grace, wadda ke aikin jinya a ɗakin yaran da gubar ta kama, kuma ya yarda.

Mahmuda ya gyara zama ya ce, "Da bakinai yac ce ya yarda?"

"Baba, da anka ambaci sunanka miƙewa tsaye yay yi, shina tambayar yaushe na."

Wannan gaskiya ce, Lirwanu bai ƙara ko gishiri ba. Abin da ya rage ne bai faɗa ba, Mahmuda kuma bai tambaya ba, don ya ji abin da yake son ji.

Matarsa Habsu, wadda ta san ciwon tun ranar zakara, ba ta ga dalilin jiran taro ba. Tana tsince shinkafa ta ce, "Malam, Anka ba Makka ta ba. Hau mota gobe ka ishe mutumen ga gida, ka ba shi hannu, ka ce shi yahe maka. Mi ag gamin wanga zance da keke?"

Ya ce mata ba za ta gane ba. A gaban jama'a ya ƙi hannun, a gaban jama'a zai karɓe shi. Kuma shi da Obadiah ba su taɓa iya maganar zuciya a zaune ba, duk abin da suka taɓa faɗa wa juna mai nauyi a kan keken nan suka faɗe shi. Ya riga ya tsara komai: za su yi wasan kamar da, zai ƙi hannun da farko ya ce ƙurar dutse ce a jikinsa, abin da ma ya dace da saƙon, sannan a ƙarshe in ya kama hannun ba zai saki ba. Zai karɓi lasifika ya faɗa wa Anka kaf abin da ya yi a zaure, ya nemi gafara da sunan Mahmuda ba da sunan Arzika ba. Malaman Gummi su faɗi abin da za su faɗa. Ya ji kansa jarumi, ya kwana biyu yana jin daɗin jarumtar. Habsu ta taɓe baki, amma ta buɗe ƙasan akwati ta fito masa da jar dara da tsohuwar kwat ɗin Arzika, suna warin kafur.

Ranar taron ya fito da sassafe, aka ɗaure masa keken aro a saman mota. Da suka zo mahaɗar Bukkuyum ya dubi hanyar da ya sha wucewa yana sunkuyar da kai, yau kam ya kalle ta ido cikin ido. A Anka an kafa rumfuna a filin wata makarantar firamare, manya a kan kujerun roba, mata da goyo a gefe guda, masu haƙar zinariya tsaye a baya da ƙura har gira. Aka zaunar da shi a benci ƙarƙashin darbejiya a bayan rumfa, ya ɗora kwat a kan babbar riga, ya kafa dara, ya jingina keken a jikin bishiya.

Can sai ya hango wata mata da fararen kayan asibiti riƙe da gwiwar hannun wani tsoho, suna tahowa a hankali. Ya daɗe bai gane shi ba. Obadiah da ya sani mai ƙiba ne, mai tafiya kamar ana binsa, wannan kuwa ya rame, ya yi aski tas, ya ɓalle maɓallin rigarsa har wuya. Amma da tsohon ya ɗago ya gan shi, fuskar ta buɗe gaba ɗaya, ta koma ta yaron gidan maƙwabta. Ya zame daga riƙon 'yarsa, ya ƙaraso da kansa, hannu a miƙe tun daga nesa.

"Mamuda."

Hannun Mahmuda ya ɗaga da kansa, har ya rabu da gwiwarsa. Sai wani tunani ya zo masa, ya ji daɗi ya cika masa ciki. Tsohon shaƙiyyi, wato har yanzu bai daina ba. Yau ranar wasa ce, ga shi ya fito farat ɗaya da hannu da fara'a, kamar yadda yake yi a bayan ƙofa a Sakkwato, yana so ya ga ko shekaru sun sa Mahmuda ya manta doka. Ashe ma ya huce, tunda har yana tsokana. Mahmuda ya ga ba wata kyauta da zai ba abokinsa da ta fi ya nuna masa bai manta ba. Ya mayar da hannayensa cikin riga, ya ɗaure fuska, ya kawar da kai yana kallon keken.

"Mamuda, ni na hwa. Obadiah na."

Mahmuda ya ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. Har rawar murya mutumin ya sa, lallai gwani gwani ne. Ya ci gaba da kallon sarƙar keke. Daga baya ya ji muryar macen tana cewa Baba zo mu je, ya ji jan ƙafa yana nisa. Bai waiga ba, don doka ta hana kallo, yana ta murmushi cikin gemu yana cewa a ransa tsiren yau ba a kaina yake ba.

Da mai gabatarwa ya ambaci Arzika da Makau, tsofaffin wurin suka yi sowa, wata tsohuwa har da guɗa. Matasa suka ɗaga wayoyi saboda sun ga manya sun ɗaga murya. Mahmuda ya turo keken ya shigo fili da tafiyar Arzika, ƙirji gaba, kamar mai garin ne ya fito rangadi. Jikinsa bai manta komai ba. Ya yi wa tayar gaba kirari, ya share ta da hannun kwat, ya harari tayar baya ya tofa mata yawu, fili ya ɗauki dariya. Rabonsa da jin wannan ƙarar tun gemunsa baƙi, ta shige shi har ƙafa. Ya kai hannu ya buga ƙararrawa, ya juya baya yana jiran takun Makau.

Ba wanda ya shigo. Ya sake bugawa, ya ce wa jama'a maƙwabcin nasa ya ci tuwon dawa ya yi nauyi, aka yi dariya. Ya buga ta uku, ya leƙa bayan rumfa da hannu a goshi, aka ƙara dariya, don kowa ya ɗauka cikin wasan ne. Sai ya hangi Lirwanu a gefen fili yana yi masa alama da hannu, ya matso kusa ya raɗa masa cewa Baba Obadiah ya koma gida, ya ci gaba shi kaɗai, ya tabbata ya ambaci wanke hannu da canja tufafi.

Ya ci gaba, don ɗan wasa ba ya barin fili da mutane a zaune. Ya yi faɗa da sirdin da ba kowa a kai, ya yi wa iska wa'azin ƙurar dutse, ya ƙi karɓar hannun da ba a miƙo ba. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne an yi dariya sosai. Ba wanda ya ga giɓi. Da ya gama aka yi tafi, wani babba daga kujerun gaba ya tashi ya yaba masa, ya ce sun tuna ƙuruciya, sannan ya ƙara da cewa Allah ya ji ƙan ɗayan. Wani saurayi da waya a hannu ya tsaya kusa da shi a ɗauke su hoto, ya tambaye shi shi ne Arzikan ko shi ne Makau ɗin.

Ya samu Lirwanu a bayan rumfa yana raba ruwan leda. Yaron ya yi ta sosa ƙeya kafin ya fito da maganar. Tun farko Grace ta gaya masa mahaifinta ba zai iya wasa ba, kansa ya fara tafiya, ta yarda ne kawai ta kawo shi ya ga abokinsa. Shi kuma ya yi tunanin a zaunar da tsohon a kujera a fili, Malam ya yi wasan kewaye da shi, a samu hoton su biyu tare, shi ke nan. Bai faɗa wa Malam ba don kada ya ce ba zai zo ba. Ya ba da haƙuri da irin muryar wanda ya ga taro ya yi kyau duk da haka. Mahmuda bai zage shi ba, ko ƙarfin zagin ba shi da shi, ya tambayi kwatancen gidan kawai.

Gidan na bayan asibiti, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Grace ce ta fito, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta matsa ba. Ta gaishe shi cikin ladabi, don an yi mata tarbiyya, amma idonta ja. Ya fara bayani yana haɗa kalmomi, cewa doka ce, ranar wasa ba gaisuwa, ubanta ne ma ya kafa ta, shi ya ɗauka gwada shi yake yi, a fili ya shirya karɓar hannun.

"Na san dokar, Baba. Da ita muka tashi a gida," in ji ta. "Shi ne bai san ta ba yanzu."

Ta gaya masa sauran a tsaye. Shekara biyu ke nan abubuwa suna zube masa. Bai san ya taɓa shiga talabijin ba. In an ce masa Makau sai ya tambaya wane ne, in an ce keke sai ya ce shi babur gare shi. Wata rana yakan tambayi inda mahaifiyarta ta tafi. Amma Gummi tana nan daram, gulbi, katangar Malam, tuwon Inna, da Mamuda. Tun ranar da ya ji za su haɗu, kullum da safe sai ya tambaya ko yau ne. Da kansa ya ce a kira wanzami, da kansa ya zaɓi rigar. Sannan ta gyara ɗankwali, ta ce akwai abu ɗaya kuma da bai zube ba, ranar walima a zaure. Shekaru ba ya zancenta, sai da ciwon ya zo ya fara maimaita ta, yana cewa ƙila Mamuda bai gan shi ba ne saboda yawan mutane. Yau a hanyar dawowa ya ce mata, ashe ya gan ni.

Mahmuda ya ji kunya da baƙin ciki irin wanda bai taɓa ji ba, har da na ranar zakara. Ya roƙe ta ta bar shi ya shiga, ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta kauce.

Obadiah na zaune a kujerar katako a inuwar katanga, har yanzu da rigar a ɓalle har wuya, hannayensa a kan gwiwa. Mahmuda ya cire dara ya ajiye a ƙasa, ya tuɓe kwat ɗin ya yar, ya durƙusa a gabansa duk da gwiwoyin da ke ƙara. Jawabin da ya kwana biyu yana tsarawa ya tafi, ko kalma ɗaya bai samu ba. Ya miƙa hannu biyu.

Tsohon ya dubi hannayen, ya dubi farin gemun, ya karɓa da ladabi, ya saki ya taɓa ƙirji kamar yadda ake yi wa baƙo. Ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi daga ina. Mahmuda ya ce daga Gummi. Fuskar Obadiah ta ɗan motsa, ya ce shi ma can ya tashi, ko baƙo ya san Mamuda ɗan Malam, na jikin gidan malamin asibiti.

Mahmuda ya sake kama hannun, wannan karon ya riƙe gam. "Ni na, Obadiah. Ni na Mamuda. An kwan lahiya?"

Obadiah ya daɗe yana kallonsa. Ba fushi a idon, ba komai sai tausayin mutumin da ya ga baƙo ya yi ɓatan kai. Ya dubi hannunsa a cikin hannayen nan biyu, ya girgiza kai a hankali.

"A'a, Malam, ba shi ba na. Na gane shi yau da sahe. Mamuda ba ya ba ni hannu."

Ya juya ya kira Grace ya ce ta kawo wa baƙo ruwa, daga nesa ya fito. Bai janye hannun ba, ya bar wa baƙon ya riƙe, tunda ya ga yana so.